Damon Albarn, Mawaƙin Blur da Gorillaz: Tambayoyi da Amsoshi

Mutane da yawa sun san muryarsa ba su san sunansa ba. Wanda ya buga wasan ƙwallon kwamfuta na FIFA 98 ya ji shi a waƙar nan mai ihu da ke buɗe wasan. Haka ma wanda ya taɓa cin karo da wasu 'yan katun huɗu masu kama da aljanu suna rera waƙa a talabijin. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne shi a taƙaice?

Baturen Ingila ne, mawaƙi, marubucin waƙa, makaɗin piyano. An haife shi a Landan ranar 23 ga Maris, 1968. Shi ne jagoran ƙungiyar Blur, kuma shi ne muryar da ke bayan Gorillaz. Ban da waɗannan biyu, ya yi aiki da makaɗan Mali da Najeriya da Kongo da Siriya, ya tsara kiɗan wasannin dandamali, ya kuma fitar da kundi biyu da sunansa shi kaɗai.

A wane irin gida ya tashi?

Gidan masu fasaha ne. Mahaifinsa, Keith Albarn, mai zane ne kuma malamin koyar da zane, har ya shugabanci makarantar fasaha a garin Colchester. Mahaifiyarsa, Hazel, mai tsara dandamalin wasan kwaikwayo ce. Ƙuruciyarsa ta farko a unguwar Leytonstone ya yi ta, a gabashin Landan, unguwar da ta tara baƙi daga ƙasashe daban-daban. Yana wajen shekara goma iyayensa suka koma wani ƙauye a yankin Essex, inda kusan kowa Bature ne kuma kowa ya san kowa. Yaron da ya saba da hayaniyar birni sai ya zama bare.

A makarantar sakandare ta Stanway ya haɗu da Graham Coxon, wanda daga baya ya zama makaɗin jitar Blur. Da ya gama, ba waƙa ya fara nufa ba. Makarantar koyon wasan kwaikwayo ta East 15 ya shiga, ya yi shekara guda ya bar ta. Wannan shekara ba ta tafi a banza ba, domin duk wanda ya kalli yadda yake shiga rigar wani mutum ya yi waƙa da bakinsa zai gane cewa ɗan wasan bai mutu a cikinsa ba.

Me ake nufi da "alternative rock" da ake jingina shi da shi?

Suna ne da aka ba kiɗan jita na ƙungiyoyin da suka tashi a gefe, a ƙananan kamfanoni da ƙananan gidajen rawa, waɗanda manyan gidajen rediyo ba su cika saka su ba. A shekarun 1990 sai 'yan gefen suka shigo tsakiyar kasuwa, sunan kuma ya bi su duk da ya daina dacewa da su. Reshen da ya yi ƙarfi a Birtaniya a lokacin shi aka laƙaba wa Britpop, kuma Blur na cikin ginshiƙansa tare da Oasis da Pulp da Suede.

Yaya aka kafa Blur?

A ƙarshen shekarun 1980 ne, a kewayen kwalejin Goldsmiths da ke kudancin Landan. Su huɗu ne: Albarn a waƙa, Coxon a jita, Alex James a jita mai kaurin murya, Dave Rowntree a ganguna. Sunansu na farko Seymour. Kamfanin Food Records ya ɗauke su a 1990 da sharaɗin su canja suna, suka zaɓi Blur. Kundinsu na farko, Leisure, ya fito a 1991. Ya ɗan yi kasuwa, amma bin yayi ne kawai, kuma shi kansa Albarn bai ɓoye cewa ba ya alfahari da shi ba.

To me ya sa aka ce babu mawaƙin da ya kai shi waƙa kan rayuwar Ingila a zamaninsa?

Amurka ce ta jawo. A 1992 bashi ya yi wa ƙungiyar katutu, suka tafi doguwar zagayen wasa a Amurka don su biya. Sun isa a daidai lokacin da ƙungiyar Nirvana da kiɗan jita mai kaushi da ake kira grunge suka mamaye ko'ina, ba wanda ke da lokacin wasu samari huɗu daga Landan. Suka yi ta shaye-shaye da faɗa a tsakaninsu, kewar gida ta kama Albarn. Ya dawo da niyyar yin waƙa kan ainihin rayuwar Ingila, da harshen mutanen Landan, ba da kwaikwayon lafazin Amurkawa ba.

Kundi uku suka biyo baya a jere: Modern Life Is Rubbish a 1993, wato rayuwar zamani shara ce, sai Parklife a 1994, sai The Great Escape a 1995. Mutanen cikin waƙoƙin ba jarumai ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne da ya gaji da ofis, da matasan da ke tafiya hutu bakin teku don holewa, da mai kuɗin da ya gudu ƙauye ya sayi ƙaton gida amma kwanciyar hankali ta ƙi zuwa. A bangon Parklife ba hoton mawaƙan aka sa ba, karnukan tsere ne guda biyu a guje, baki buɗe, domin tseren karnuka nishaɗin talakan Landan ne. A nan ne ma aka samu abin sukarsa. Aka ce ɗan malamin fasaha ne ya ari bakin talakawa yana cin abinci da shi, wani lokaci ma kamar dariya yake yi musu. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, musamman a kundi na ukun. Amma Parklife ya tsaya da ƙafarsa, kuma a bikin kyaututtukan Brit na 1995 Blur ta kwashi huɗu a dare ɗaya.

Mene ne gaskiyar rigimarsu da Oasis?

Wannan ita ce tambayar da ta fi bin sa, kuma da alama ita ce ya fi gajiya da ita.

Oasis ƙungiyar 'yan'uwa biyu ce, Noel da Liam Gallagher, 'yan Manchester a arewacin Ingila, 'ya'yan talakawa masu bakin tsiya. Blur kuwa 'yan kudu ne da suka ratsa kwaleji. A Ingila wannan bambanci na arewa da kudu, na ɗan lebura da ɗan boko, tsohon miki ne, jaridu kuma suka samu abin sosawa. A watan Agustan 1995 aka matsar da ranar fitar da waƙar Blur mai suna "Country House" ta faɗa rana ɗaya da "Roll With It" ta Oasis, wato 14 ga wata. Mako guda ƙasar ba ta da zance sai wa zai hau saman jadawalin ciniki, har labaran dare na BBC suka ɗauki maganar kamar zaɓe ake yi. Da aka ƙirga, Blur ta sayar da kwafi kusan 274,000, Oasis kuma 216,000.

Murnar ba ta daɗe ba. Kafin shekara ta ƙare Oasis ta saki kundinta na biyu, ya yi cinikin da na Blur bai ko kama ƙafarsa ba, ya shiga Amurka inda Blur ta kasa. Albarn ya wayi gari ya zama abin zolaya a titi. Noel Gallagher ma ya taɓa furta mummunar addu'a a kansa a wata hira, maganar da daga baya ya janye ya ba da haƙuri. Abin dariya a nan shi ne, waƙoƙin biyu da aka yi yaƙin a kansu ba sa cikin mafi kyawun abin da kowannensu ya yi.

Shekaru sun wanke gabar. A 2013 mutanen biyu suka hau dandamali ɗaya a zauren Royal Albert Hall a wani wasan tara kuɗin taimakon matasa masu cutar kansa, kuma a 2017 muryar Noel ta fito a kundin Gorillaz.

Bayan haka sai ya canja salo?

Ƙwarai. Coxon dama ya gaji da ƙaho da raha, yana son kiɗa mai kaushi irin na ƙananan ƙungiyoyin Amurka. Albarn ya bi shi. Kundin 1997, wanda suka sa wa sunan ƙungiyar kawai, shi ke ɗauke da "Song 2", waƙar minti biyu da daƙiƙa biyu wadda kusan da wasa aka yi ta, amma ita ce ta buɗe musu ƙofar Amurka kuma har yau ake saka ta a filayen wasa.

Na 1999, mai suna 13, wani abu ne daban. Albarn ya rabu da budurwarsa ta shekaru, Justine Frischmann, jagorar ƙungiyar Elastica, kuma a karon farko ya ajiye rigunan aro ya yi waƙa da bakin kansa. A ganina daga nan ne ya zama marubucin waƙa na gaske. Kafin lokacin, gwanin lura da mutane ne daga nesa.

Gorillaz mutane ne ko katun?

Duka biyun. Bayan rabuwar, Albarn ya zauna gida ɗaya a yammacin Landan da mai zanen barkwanci Jamie Hewlett. Suna zaune suna kallon tashar MTV, suka ga mawaƙan da kamfanoni ke ƙerawa duk fuska ce ba komai a ciki. Sai suka ce tunda abin ƙira ne, bari su ƙera nasu gaba ɗaya. A 1998 Hewlett ya zana mutum huɗu: 2-D mawaƙi mai shuɗin gashi da ramukan idanu, Murdoc mai kama da shaiɗani, Noodle yarinya 'yar Japan mai jita, da Russel ƙaton makaɗin ganga. Albarn ya yi kiɗan.

Amfanin dabarar a wajensa a fili yake. Da ya fito da sunan Damon na Blur ya ce zai yi hip-hop da reggae, da an yi masa dariya. Amma katun ba shi da tarihi, ba shi da aji, ba ɗan arewa ba ne ba ɗan kudu ba. A wasanninsu na farko makaɗan na bayan labule suke tsayawa, ana haska zanen a jikinsa, 'yan kallo ba sa ganin kowa sai inuwa.

Kundin farko ya fito a 2001. Na biyu, Demon Days na 2005, shi ya kai su ƙololuwa, kuma waƙar "Feel Good Inc." da suka yi da De La Soul ta ci kyautar Grammy a 2006. Plastic Beach na 2010 ya tara Snoop Dogg da Lou Reed da Bobby Womack da ƙungiyar makaɗan Larabci ta ƙasar Siriya a faifai ɗaya. A shekarar suka yi wasa a tsohuwar ganuwar birnin Dimashƙu, watanni kaɗan kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar. A Amurka da sauran duniya Gorillaz ta yi wa Blur fintinkau.

Wani ƙaramin abu da ke nuna halinsa: shekaru da yawa bayan waƙar Gorillaz mai suna "Clint Eastwood" ta zaga duniya, a wata hira ya ɗauko wata 'yar na'urar kiɗa ta roba mai suna Omnichord, ya danna maɓalli ɗaya, sai ga kiɗan waƙar yana fita daga ciki. Ashe tun daga masana'anta aka saka shi. Shi dai kunnensa ne ya ji abin da sauran masu na'urar ba su ji ba.

Me ya kai shi Mali?

Ƙungiyar agaji ta Oxfam ce ta gayyace shi a shekarar 2000, a wani shiri na haɗa ƙasashen da layin Greenwich ya ratsa, layin da ya bi ta Landan ya gangaro ta Aljeriya da Mali da Burkina Faso har Ghana. Abin da aka saba gani shi ne tauraro ya zo, a ɗauke shi hoto da yara, ya koma. Shi kuwa sai ya tafi da melodika, wata 'yar ƙaramar piyano da ake hurawa da baki kamar sarewa, wadda ba ta da ƙarfin danne kowa. Ya riƙa zama a gidaje da wuraren kiɗan dare na Bamako, yana saurare, in ya samu gurbi ya hura kaɗan.

Daga wannan tafiya aka samu kundin Mali Music na 2002, tare da Toumani Diabaté, sarkin kora mai tsirkiya 21, da Afel Bocoum na Niafunké, almajirin Ali Farka Touré. Kiɗan Mali ba ya gaggawar zuwa amshi yadda waƙar rediyon Turai ke yi. Yana kewayawa ne a kan jimla ɗaya har ta shiga jiki. Wanda ya saurari abin da Albarn ya yi bayan 2000 zai ji wannan haƙurin ya shige shi. Kundin Blur na 2003, Think Tank, an naɗi wani sashensa a Marrakesh ta Maroko. A 2008 kuma shi ya tsara wa Amadou da Mariam, makafin ma'auratan nan na Bamako, waƙarsu "Sabali".

Yana da alaƙa da Najeriya?

Yana da ita, ta hannun Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti, wanda tare da Fela suka gina Afrobeat. A 2000 Albarn ya ambaci sunansa a wata waƙar Blur. Maganar ta kai kunnen Allen, ya neme shi, suka yi waƙa tare a kundin Allen na 2002, abota ta ƙullu duk da tazarar shekara kusan talatin da ke tsakaninsu. A 2004 Albarn ya je Legas suka yi naɗi. Aikin ya rikiɗe ya zama ƙungiyar The Good, the Bad & the Queen, tare da Paul Simonon na The Clash da Simon Tong na The Verve. Kundinsu na 2007 kan birnin Landan yake magana, na 2018 kuma kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Abin lura ne cewa waƙoƙin da suka fi kowanne nuna damuwa da makomar Ingila, hannun ɗan Legas ne ke riƙe da gangarsu.

Sun sake haɗuwa a ƙungiyar Rocket Juice & the Moon a 2012, da Flea na Red Hot Chili Peppers, inda M.anifest na Ghana da Fatoumata Diawara ta Mali suka sa murya. Allen ya rasu a Faris ranar 30 ga Afrilu, 2020, yana da shekara 79. Kwanaki kaɗan bayan haka Gorillaz ta saki waƙar da ya buga wa ganga tare da Skepta.

Ba cin gumin mawaƙan Afirka yake yi ba kuwa?

Tambaya ce mai kyau, kuma bai kamata a share ta ba. Tarihi cike yake da Turawan da suka zo suka kwashi kiɗa suka tafi da suna da kuɗi. Ko a nan ma, idan jaridun Turai za su ba da labarin aikin haɗin gwiwa, sunansa ke hawa kanun labari, na sauran su biyo a ƙasa.

Sai dai akwai abubuwan da za a ɗora a ɗaya gefen ma'auni. A bangon Mali Music sunan Afel Bocoum ne a gaba. A 2005, da aka shirya gagarumin wasan Live 8 da sunan taimakon Afirka amma aka cika dandamalin Landan da Turawa, yana cikin waɗanda suka fito fili suka soki abin. Bai tsaya a suka ba: da shi aka kafa Africa Express a 2006, wadda ke haɗa makaɗan Afirka da na Turai su yi wasa kafaɗa da kafaɗa. A 2012 suka cika jirgin ƙasa da makaɗa suka zaga biranen Birtaniya. A 2013, bayan masu ɗauke da makamai sun kama arewacin Mali sun haramta kiɗa, Africa Express ta sauka Bamako, kuma a can aka gano Songhoy Blues, samarin da suka gudo daga arewa, waɗanda daga nan suka shiga duniya. Kamfanin Honest Jon's da yake da hannu a ciki shi ya fitar da kundin Tony Allen na 2006, Lagos No Shaking. Mutumin da ya shekara ashirin yana komawa wuri ɗaya, da wuya a kira shi ɗan yawon buɗe ido. Ya amfana, babu shakka, wataƙila ma fiye da kowa. Amma bai ci shi kaɗai ba.

Blur ta watse ne?

Tana watsewa tana dawowa. Coxon ya fice a 2002 ana tsakiyar aikin Think Tank, suka yi shekaru ba sa ga maciji da Albarn. Sun shirya, suka dawo a 2009 da wasanni a Hyde Park da bikin Glastonbury. Kundinsu The Magic Whip na 2015 tsautsayi ne ya haife shi: an soke wani wasa da za su yi a Japan a 2013, suka maƙale a Hong Kong na 'yan kwanaki, sai suka shiga wani ƙaramin situdiyo don kashe lokaci. A 2023 suka fitar da The Ballad of Darren, suka cika filin Wembley dare biyu a jere a watan Yuli.

Kundin da ya yi shi kaɗai fa?

Sai da ya kai shekara 46 kafin ya fitar da kundin da ake ɗauka a matsayin nasa na farko shi kaɗai. Everyday Robots na 2014 ya koma da shi Leytonstone da ƙuruciyarsa, har ya ɗauko mawaƙan wata coci ta unguwar suka yi masa amshi a waƙar da ya yi wa wani marayan ɗan giwa da ya gani a Tanzaniya. Na biyun ya fito a 2021, kuma yanayin ƙasar Aisland ne ya haife shi, ƙasar da yake da gida a cikinta har ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Duka biyun a sanyaye suke, ba na rawa ba ne.

A gefe guda ya tsara kiɗan wasan dandamali da aka gina kan tsohuwar tatsuniyar Sarkin Birai ta Sin a 2007, da wani a Faris a 2020 tare da Abderrahmane Sissako, mai shirya fina-finai ɗan Muritaniya.

Yana shiga siyasa? Kuma yana da nasa abin faɗa?

Danginsa na wajen uba suna da tushe a ɗariƙar Quaker, Kiristocin da ba su yarda da yaƙi ba, kuma abin ya bi jini. Ya ƙi amsa gayyatar Tony Blair zuwa fadar firaminista a 1997, sannan ya yi kamfe a fili kan adawa da yaƙin Iraƙi tare da Robert Del Naja na Massive Attack. Duk da haka ya karɓi lambar girmamawa ta OBE a 2016.

Abin faɗa kam akwai. Ya amsa da bakinsa cewa ya yi mu'amala da hodar heroin a shekarun 1990, kuma an soke shi kan yadda ya yi maganar kamar yana yaba abin da ta yi wa fasaharsa. Bakinsa ma yakan riga tunaninsa. A Janairun 2022 ya ce wa wata jaridar Amurka Taylor Swift ba ita ke rubuta waƙoƙinta ba, ta mayar masa da martani a Twitter, ya ba da haƙuri a ranar. Taurin kai kuwa sai wanda ya gani: a bikin Roskilde na Denmark a 2015, bayan Africa Express ta shafe awa biyar tana wasa har gab da asuba, ya ƙi sauka, sai da wani ma'aikacin dandamali ya sungume shi ya fita da shi, jama'a na ihu.

Wanda bai taɓa saurarensa ba, daga ina zai fara?

Ya danganta da kunnen mutum. Mai son hip-hop ya fara da Demon Days. Mai son jin yadda Ingila take a tsakiyar shekarun 1990 ya nemi Parklife, amma ya sani akwai barkwancin cikin gida da yawa da zai wuce shi. Wanda zuciyarsa ta taɓa karyewa, 13 nasa ne. Wanda kuma ya tashi da sautin molo da garaya a kunne, Mali Music zai fi saurin shigarsa, ko kuma "Désolé" da Gorillaz ta yi da Fatoumata Diawara a 2020, inda ita ke jan waƙar da Bambaranci da Faransanci, shi kuma yana biye da ita a hankali.